Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hoto a Dausayin Hadejia da Nguru: Arzikin da Ke Jiran Kyakkyawan Tsari

Kamar yadda mazauna yankin Hadejia, Nguru da Gashuwa suka sani, da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai sararin samaniyar fadamunmu ya cika da garken tsuntsaye waɗanda ba a ganinsu a sauran watannin shekara. Manomi da masunci sun saba da wannan al'amari tun kaka da kakanni, har ya zama ba ya ba su mamaki. To amma a wasu ƙasashen duniya akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda cur domin su je su kwana a ɗan ƙaramin ɗaki a bakin tabki, su tashi da asuba, su zauna shiru suna kallon irin waɗannan tsuntsaye, suna kuma ɗaukar hotunansu. Wannan harka a yau ta zama babban reshe na yawon buɗe ido. A Amurka kaɗai, binciken da hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ta gudanar a shekarar 2022 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 96 ne ke kallon tsuntsaye, wasu a ƙofar gidajensu, wasu kuma ta hanyar tafiye-tafiye.

Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, shin wane rabo al'ummarmu za ta samu daga wannan harka, kuma mene ne ya hana ta samunsa zuwa yanzu? A wannan sharhi za mu duba irin baiwar da Allah ya yi wa wannan yanki, da abin da baƙo mai kallon tsuntsu ke bukata, da kuma matsalolin da dole a shawo kansu kafin a yi maganar gina masaukai a bakin ruwa.

Yankin da muke magana a kansa

Dausayin Hadejia da Nguru ya samu ne a inda Kogin Hadejia da Kogin Jama'are suka shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, suka rarrabu zuwa rassa masu yawa, kafin su sake haɗuwa su zama Kogin Komadugu Yobe wanda ke zuba a Tabkin Cadi. Yankin ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe, ya kuma taɓa wani ɓangare na Jihar Bauchi. A nan ne ake noman shinkafa a lokacin ambaliya, a yi noman rani bayan ruwa ya janye, a kama tarwaɗa da karfasa, Fulani su sami burugu domin shanunsu, mata kuma su sami kaba ta saƙar tabarma da faifai.

Muhimmancin wannan wuri ya daɗe da wuce iyakokin ƙasar nan. A shekarar 1987 aka fara wani shiri na musamman na kare dausayin tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje. A shekarar 1989 Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila, wanda a lokacin shi ne shugaban asusun kare namun daji na duniya, ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona da ke Ƙaramar Hukumar Bade. A shekarar 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tabkin Cadi, wanda dausayin Bade da Nguru ke cikin sassansa uku.

Bugu da ƙari, lokacin da Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi ta duniya wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a shekarar 1971, wuri na farko da ta gabatar shi ne Tabkin Nguru tare da mashigar Marma, mai faɗin hekta 58,100, a shekarar 2000. A shekarar 2008 aka ƙara da Tabkin Dagona mai hekta 344, da dausayin Baturiya na Ƙaramar Hukumar Kirikasamma mai sama da hekta 100,000. Har ila yau, a shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Hadejia, Nguru da Bade cikin jerin wuraren da ake son ɗan Adam da sauran halittu su rayu tare cikin daidaito. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga darajar wurare 10 zuwa gandun dajin ƙasa, ciki har da Baturiya. Ke nan ta fuskar suna da takardun shaida, babu abin da yankin ya rasa. Abin da ya rage shi ne yadda wannan suna zai zama abin amfani ga mutumin ƙauye.

Baƙin da ke zuwa daga nesa

Masana sun lissafa nau'in tsuntsaye 377 a wannan dausayi. Ana iya kasa su gida uku. Kashi na farko su ne 'yan gida waɗanda muke tare da su rani da damina, irin su balbela, zalɓe, jinjimi, dinya, kirinjijiya, taka-a-bado da zakaran ƙeƙuwa. Kashi na biyu su ne masu kai-kawo a cikin nahiyar Afirka, kuma fitacciya a cikinsu ita ce shamuwa, wadda zuwanta ke sanar da manomi cewa damina ta kusa. Kashi na uku su ne waɗanda ke yin ƙwai da ƙyanƙyasa a Turai da yammacin Asiya, su gudo daga tsananin sanyi, su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara, su sauka a wurinmu daga wajen watan Oktoba, su koma a watan Maris ko Afrilu. Daga cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, da kuma ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu waɗanda ke kiwo garke-garke a gonakin shinkafa bayan girbi.

Bayan tafiyar dubban kilomitoci a kan hamada, wuri na farko mai ruwa da abinci da waɗannan tsuntsaye ke tararwa shi ne fadamun yankin Sahel, wato kwarin Kogin Senegal, da fadamar Kogin Kwara a ƙasar Mali, da Tabkin Cadi, da kuma namu dausayin. A ƙidayar da ake yi a watan Janairu, an sami tsuntsayen ruwa sama da 200,000 a kowace shekara daga 1995 zuwa 1997, kuma a 1997 adadin ya haura 300,000.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mutanen Turai ke mai da hankali kan abin da ke faruwa a fadamunmu. A shekarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila sun tarar da cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani kowace bazara ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa farin da aka shiga a yankin Sahel ne ya hallaka su. Saboda haka tsuntsun da ke kuka a lambun Bature a watan Mayu, ransa na hannun manomin Guri da masuncin Nguru a watan Janairu. Wannan dangantaka ce ta haifar da yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka, Turai da Asiya ta shekarar 1995, wadda Nijeriya ke cikinta.

Abin da mai kallon tsuntsu ke nema

Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su fahimci cewa mai kallon tsuntsu ya sha bamban da ɗan yawon shaƙatawa da ke neman kiɗa da taron jama'a. Kayan aikinsa su ne madubin hangen nesa, kyamara mai dogon madubi, littafin hotunan tsuntsaye da littafin rubutu. Lokacin aikinsa shi ne daga fitowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, domin a lokutan ne tsuntsaye ke fita kiwo ko komawa makwanci, kuma a lokutan ne hasken rana ke da taushin da hoto ke so. Wannan ne ya sa dole masaukinsa ya kasance kusa da ruwa. Wanda ya kwana a otal cikin gari, ya taso bayan gari ya waye, ya bi hanya mai rairayi ta sa'a ɗaya ko biyu, zai tarar kasuwa ta watse.

Masaukin da irin wannan baƙo ke so ba ya bukatar bene ko tayil. Ɗan ƙaramin ɗaki mai tsabta, gado da gidan sauro, banɗaki mai ruwa, ruwan sha mai kyau, wutar sola ta cajin batirin kyamara da waya, da rumfa mai fuskantar tabki, sun wadatar. Ginin ƙasa da rufin ciyawa, idan an yi shi da kyau, ya fi ɗakin kwano sanyi, kuma ya fi burge baƙo. Ƙarar janareto cikin dare da manyan fitilu masu haska ruwa kuwa suna korar tsuntsayen da aka zo dominsu. Haka nan ana bukatar maɓoya, wato ɗan shinge na zana mai ƙananan tagogi a gefen ruwa, inda mai hoto zai zauna ba tare da tsuntsu ya gan shi ba.

A ƙasar nan mun sha ganin yadda ake kashe maƙudan kuɗi a gina ɗakunan baƙi a wuraren shaƙatawa, a yi bikin buɗewa, bayan 'yan shekaru a tarar rufi na yoyo, famfo ya bushe, jemagu sun tare. Dalili kuwa shi ne akan ware kuɗin gini, a manta da kuɗin kulawa, kuma ba a bai wa mutanen wurin wani abin da zai sa su ɗauki ginin a matsayin nasu. Ɗakuna huɗu masu aiki sun fi ashirin da aka rufe da kwaɗo.

Ina ribar mutumin ƙauye?

Idan baƙo ya kwana uku a bakin tabki, kuɗinsa na ratsa hannuwa da yawa. Akwai direban da ya kawo shi, da mai kwale-kwalen da zai zagaya da shi, da matar da za ta dafa masa abinci, da masuncin da ya sayar da kifin, da mai wanki, da mai gadi, da masaƙiyar tabarma da malafa da zai yi tsaraba a wurinta. Sama da duka akwai ɗan jagora, wanda shi ne ƙashin bayan harkar. Baƙo zai iya zuwa da kyamarar miliyoyin naira, amma bai san inda dinya ke kwana ba, bai san bishiyar da mujiya ke fakewa da rana ba. Wannan ilimi yana wurin maharba, masunta da yaran da suka tashi suna kiwo a fadama.

Ƙasar Gambiya, wadda ba ta kai yawancin jihohinmu faɗin ƙasa ba, ta nuna yadda ake cin moriyar wannan ilimi. Tana da nau'in tsuntsaye sama da 500, kuma matasa da dama a can sun mai da jagorancin masu kallon tsuntsaye sana'ar da suke riƙe iyali da ita. A Senegal, matattarar tsuntsaye ta Djoudj, wadda yanayinta ya yi kama da namu, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya tun shekarar 1981, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ita na cikin masu ɗaukar baƙi a jiragen ruwa. A Ruwanda kuwa, hukuma ta fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandun daji domin ayyukan al'ummomin da ke maƙwabtaka da su a shekarar 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a shekarar 2017. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: duk wanda ya ga ajin makaranta ko rijiyar burtsatse da kuɗin baƙi ya gina, ba sai an aiko masa da ma'aikacin gandu ya hana shi ɗana tarko ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada a ruɗi jama'a da alƙawarin da ba zai cika ba. Kallon tsuntsaye harka ce ta watanni huɗu zuwa biyar a shekara, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ba za ta maye gurbin noma, su da kiwo ba. Ƙari ce a kan abin da ake da shi. Kazalika ba lallai a zuba ido ga Turawa kaɗai ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda aka kafa a shekarar 2001, ta yaye 'yan Nijeriya masu yawa a wannan fanni, kuma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a shekarar 2015 ya jawo matasa, har da na Arewa, waɗanda ke fita da wayoyinsu suna rubuta tsuntsayen da suka gani. Ɗaliban jami'o'i da kwalejoji, ƙungiyoyin makarantun sakandare da masu sana'ar hoto na Kano, Abuja da Legas, su ne kasuwar da ta fi kusa, kuma ta fi ɗorewa.

Ruwa shi ne tushen komai

Duk wannan bayani zai zama tatsuniya idan babu ruwa a fadama a lokacin da ya dace. A da, ambaliya kan zo a watan Agusta da Satumba ta mamaye fili mai yawa, sannan ta janye sannu a hankali, ta bar danshi ga manomi, ciyawa ga makiyayi, kududdufai ga masunci da tsuntsu. Kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 da ta Challawa a shekarar 1992, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun sauya wannan tsari. Filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 ya kan haura murabba'in kilomita 2,000, ya koma ƙasa da 1,000 a wasu shekarun da suka biyo baya.

Babu mai musun amfanin waɗannan madatsu, domin su ke shayar da birnin Kano da manyan ayyukan noman rani na Kadawa da kwarin Hadejia. Amma binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa amfanin noma, kamun kifi da itacen girki, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tare a sama kawo riba nesa ba kusa ba. Wannan hujja ce da wakilanmu ya kamata su riƙa tafiya da ita duk inda ake zaman rabon ruwa.

Matsala ta biyu ita ce ciyawar kacala. Tun da aka koma sakin ruwa daga madatsu a duk tsawon shekara, hanyoyin ruwan da a da ke bushewa da rani sun daina bushewa, kuma wannan shi ne yanayin da kacala ke so. Ta toshe rassan kogi, ta tara yashi da laka, ta karkatar da ruwa, har ya kasance wasu garuruwa na fama da ruwan da ya ƙi janyewa daga gonakinsu, wasu kuma na kukan ƙishirwa. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga cikinta, agwagwar da ke son buɗaɗɗen ruwa ba ta sauka a kanta. A shekarar 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da wannan kwari a wani taro da aka yi a Damaturu, kuma al'ummomi da dama sun daɗe suna aikin gayya na yanke kacala da yashe magudanai. Mummunar ambaliyar shekarar 2022 ta sake tuna mana cewa toshewar hanyoyin ruwa ba ƙaramin hatsari ba ne ga rayuka da dukiyoyi. Abin lura a nan shi ne, aikin da zai ceci gonar manomi shi ne dai aikin da zai dawo da tsuntsaye.

Koken manomi game da janbaki

Ba za a yi adalci ba idan aka yi maganar kare tsuntsaye aka tsallake janbaki. Manomin da ya ga garken janbaki ya sauka a kan shinkafarsa ko geronsa ya cinye wahalar shekara cikin 'yan kwanaki, yana da hujjar ɗaure fuska idan aka ce masa tsuntsu abin so ne. Iyalai da yawa kan fitar da yara daga makaranta su wuni a gona suna kaɗa gwangwani da jan igiya.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu. Janbaki tsuntsun Afirka ne mai cin ƙwayar ciyawa da hatsi, ba ya cikin baƙin da ke zuwa daga Turai, kuma dazuzzukan kacala sun zame masa makwanci mai wuyar shiga. Rage kacala rage masa mafaka ne. Su kuwa balbela, zalɓe, jinjimi da shamuwa, abincinsu fari, ƙwari, kwaɗi da ƙananan kifaye ne, mujiya kuma ɓeraye take kamawa, don haka taimakon manomi suke yi. Gaskiya ne cewa wasu agwagin ruwa kan taɓa shinkafa, amma ɓarnarsu ba ta kama ƙafar ta janbaki ba.

Idan har ya zama dole a yi feshin magani ta jirgin sama, wajibi ne a yi shi a kan makwancin janbaki da ƙwararru suka tantance, nesa da buɗaɗɗen ruwa, a kuma sanar da jama'a tun da wuri, domin maganin da ake amfani da shi ba ya tantance tsuntsu, kuma yana da illa ga mutum da dabba. Tsuntsayen da feshi ya kashe bai kamata a tsince su a ci ko a kai kasuwa ba.

Farauta, guba da murar tsuntsaye

Farauta sana'a ce mai tarihi da sarauta a ƙasar Hausa da ƙasar Bade, kuma maharban da suka gaji abin sun san lokacin da ake saki da lokacin da ake kamewa. Abin da ke tayar da hankali shi ne sabon salo na baza hatsi da aka jiƙa da maganin ƙwari a bakin ruwa, ko shimfiɗa raga mai tsawo a kan makwanci. Wannan kisan kiyashi ne, kuma naman da guba ta kashe yana komawa cikin tukunyar jama'a. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, a yau ganinta ya yi wuya ƙwarai saboda kamawa da sayarwa da kuma lalacewar fadamu. Ungulu da ke cika mahautanmu a da, an sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya tun shekarar 2015. Dokar kare halittun da ke fuskantar barazana ta shekarar 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, da kuma dokar gandun dajin ƙasa, sun tanadi hukunci a kan irin waɗannan laifuka.

Haka kuma muna tunatar da jama'a cewa a watan Fabrairun 2006 ne aka fara samun murar tsuntsaye mai tsanani a ƙasar nan, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma cutar ta sha dawowa bayan nan. Duk wanda ya ga tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kada ya taɓa su, ya sanar da mai unguwa ko bulama da jami'in kula da lafiyar dabbobi. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ko wata 'yar na'ura a baya, ya kwantar da hankalinsa. Masu bincike ne ke sanya su domin sanin hanyar da tsuntsu ke bi, kuma miƙa lambar zoben ga ma'aikatan gandu taimako ne ga ilimi.

Tsaro da ladubban baƙunta

Rikicin da ya addabi Arewa maso Gabas tun daga shekarar 2009 ya tsayar da zuwan baƙi daga waje, har a wuraren da rikicin bai kai gare su ba, domin mai kallo daga nesa ba ya bambance wannan ƙaramar hukuma da waccan. Suna idan ya ɓaci, gyaransa sai a hankali. Hanyar gyaran ita ce a fara da baƙin cikin gida, a tabbatar kowane baƙo ya yi rajista, ya gaida hakimi ko lawani, ya fita da ɗan jagora sananne, ya kuma koma gida lafiya ya ba da labari. Hoto mai kyau guda ɗaya da ya zagaya a intanet ya fi tallar rediyo ta wata guda tasiri.

Su ma baƙi akwai haƙƙin da ke kansu. Ba a kusantar sheƙar tsuntsu mai ƙwai ko 'ya'ya, ba a jifa ko tafi domin garke ya tashi a sami hoto, ba a yawaita kunna kukan tsuntsu a waya domin a jawo shi, kuma ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izinin hukuma. Ba a ɗaukar hoton mata a bakin rafi ko na kowane mutum sai da yardarsa, ba a ratsa gonar mutane, kuma leda da robar ruwa a koma da su inda aka fito.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin lokacin zuwan tsuntsaye, akwai matakan da ba sa bukatar kuɗi masu yawa. Na farko, kowace ƙaramar hukuma da ke yankin ta zauna da masu sarauta, sarakunan ruwa, sarakunan baka, ardo-ardo da shugabannin mata, a fitar da wuraren da za a keɓe daga farauta, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kason da al'umma za ta samu daga kuɗin shiga. Na biyu, a zaɓi matasa kaɗan daga gidajen maharba da masunta a horar da su aikin jagora, a rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa, Badanci, Kanuri da Fulatanci kafin dattawan da suka san su su ƙare. Na uku, a gyara ɗakunan da ake da su kafin a yi tunanin sababbi, a kuma ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara. Na huɗu, a sanya yanke kacala da yashe magudanai a sahun gaba, tare da matsa lamba a kan tsarin sakin ruwa da zai yi la'akari da mutanen ƙasan kogi. Na biyar, makarantu su yi amfani da ranar 2 ga Fabrairu, wato ranar dausayi ta duniya, su kai ɗalibai bakin tabki, sannan a haɗa ziyarar tsuntsaye da bukukuwan gargajiya irin na kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatocin jihohi, hukumar gandun dajin ƙasa, hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are, ƙananan hukumomi da masarautu, kowa na da nasa ɓangaren, amma mai kwana da tashi a bakin ruwan shi ne zai tabbatar da nasara ko akasinta. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da su sanya wannan batu a ajandar zamansu na gaba, mu kuma jama'a mu riƙi wannan dausayi a matsayin amanar da za mu miƙa wa 'ya'yanmu da ruwansa, da kifinsa, da tsuntsayensa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.